Saƙon da Ya Iso a Cakuɗe

Akwai wani mutum mai tumaki. Shi yana zaune a gari, garkensa kuwa yana ƙauye a hannun wani makiyayi mai suna Gayus, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana yi masa kiwo. Kowace tunkiya tana da lamba a kunne.

Mutumin yana da 'ya, Kezaya, wadda ta koyi aikin kwamfuta. Ta rubuta wa babanta wata manhaja: in ya shigar da lambar tunkiya da awon maganin tsutsa da za a ɗura mata, manhajar da kanta take tura wa Gayus saƙon imel a waya. A kwamfutar uban, abin gwanin kyau. Kowace tunkiya da layinta, lamba a hagu, awo a dama. Masu ciki kuwa ya bar gurbin awonsu babu komai, domin ba a ba su wannan magani.

Amma da saƙon ya isa ƙauye, layukan duk sun haɗe sun zama ɗaya, lamba na bin lamba, kamar an zuba gero da dawa a buhu guda. Gayus ya ƙara girman rubutun. Ya karanta daga farko, ya karanta daga ƙarshe. Wannan takwas ɗin, tunkiya ce ko awo ne? Kansa ya ɗaure, sai ya kira maigidan.

"Maigida, ban gane saƙon nan ba."

"Me za ka kasa ganewa? Ga shi a gabana, ko ɗan aji ɗaya zai karanta. Ka bi shi yadda yake."

Kunya ta kama Gayus, bai sake tambaya ba. Ya riƙa ɗaukar lambobin biyu-biyu, ta farko tunkiya, ta biyu awo. To, da ya zo kan mai ciki, babu gurbin da zai nuna masa a tsallake ta, sai ya ɗauki lambar tunkiya ta gaba ya ɗura mata a matsayin awo. Daga nan lissafin ya karkace har ƙarshe. Kafin kwana uku, biyu sun yi ɓari, ɗaya ta mutu.

Mutumin ya taho ƙauye da 'yarsa, ransa a ɓace, ya riga ya yanke zai sallami Gayus. Gayus ya miƙa masa wayar kawai. Mutumin ya dubi wayar, ya dubi kwamfutarsa, ya sake duban wayar.

"Wannan ai ba saƙona ba ne."

"Daga wurinka ya zo, Maigida."

Suka tsaya cirko-cirko, kowa da gaskiyarsa a hannu. Can Kezaya ta ce, "Baba, laifina ne. Akwai alamar da ake sawa a ƙarshen kowane layi, ita ke sa rubutu ya sauka ƙasa. Ban sa ba. Kuma ban taɓa buɗe saƙon a wata waya na ga yadda yake isa ba."

Nan take ta gyara, ko zama ba ta yi ba. Mutumin ya roƙi gafarar makiyayinsa, sa'an nan suka je tare suka binne tunkiyar.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ga ta. Maganar da ke cikin zuciyarka a jere take, gama kai ka jera ta. Amma ba ka san yadda ta isa kunnen matarka ba, ko na ɗanka, ko na sabon tuba da ke zaune a bencin baya. Kuskuren Kezaya ƙarami ne, ba shi ya kashe tunkiyar ba. An kira uban, an ce masa ba a gane ba, ya mayar da tambayar abin kunya. Wannan ne ke ba ni haushi, domin haka muke yi a gida, haka muke yi a majami'a. Allah bai yi mana haka ba. Da muka kasa ganewa, saukowa ya yi wurinmu.

In wani ya ce maka bai gane ba, ka sauko ka ce ya nuna maka abin da ya iso gare shi. Ni mai faɗa muku, ɗana ya daina yi mini tambaya tun yana aji uku, kuma na san dalili.