Zoben Fairuza da Ya Koma Kore

Kwana biyun nan ina cikin damuwa. 'Yata ta fari, wadda ba na kama sunanta, surukarta ta kawo mata tsarabar Makka, zoben fairuza mai launin sama bayan ruwa ya ɗauke. To, dutsen ya juya ya yi kore-kore, har an fara raɗe-raɗi a gidan mijinta wai ta sayar da na gasken ta sa na jabu. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma akwai hikayar da mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu, ita ke ta yi mini yawo a ka.

An yi wani sarki, Marwanu, can gabas a birnin da ganuwarsa ke jiƙa ƙafa cikin teku. Yana da zoben fairuza na gado, wanda in ya ƙura masa ido sai ya ga kamar an ɗebo shuɗin sama na hantsi an daskarar da shi. Da ya yi azamar hajji, sai ya ba ƙanensa Yarima Ukasha amanar zoben. Ko da ya komo, dutsen ya zama launin tafki mai gansakuka. Ran sarki ya ɓaci, ya ce an yi masa musanya, a fitar da Yarima daga ƙasar.

Waziri Hamdanu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ina roƙon jinkiri kaɗan. A kawo fairuzar da ke kulle a taska, a kuma kawo carbin marigayi mahaifinka."

Aka kawo. Ta taska shuɗiya ce tas, 'ya'yan carbi kuwa, su ma fairuza, duk sun yi kore.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya musanya waɗannan?"

Sarki ya ce, "Babu hannun da ya taɓa su sai nasa."

Waziri ya ce, "To, haka ɗabi'ar jauharin take. Daga duwatsun Farisa ake haƙo shi, mutanen can ne suka raɗa masa suna, ma'anarsa nasara. Mutanen da ke bayan teku kuwa da sunan Turkawa suke kiransa, shi da launinsa, domin a hannun fatakensu suka gan shi, ba su tambayi inda ya fito ba. Dutse ne mai ƙishirwa, yana shan zufa da mai da turare, yana sauya launi. Da Yarima maha'inci ne, ai shuɗi zai nemo ya kawo maka."

Sarki ya dubi ƙanensa. Yarima ya sunkuyar da kai, ya ce, "Yaya, ban taɓa cire shi ba. In na shafa almiski nakan shafa masa, sai in ji kamar kana cikin gidan."

Sarki ya jujjuya zoben, sannan ya kama yatsan ƙanensa ya mayar masa. Ya yafa wa waziri alkyabbarsa, ya ba shi fairuzar taska, ya ce, "Ka sa ta, kada ka ɓoye." Tun daga ranar masu hikima ke cewa, adalci shi ne a tambayi abu tarihinsa kafin a hukunta shi da kamanninsa.

To jama'a, yarinyar nan da zoben take wanke-wanke, da shi take murza man gyaɗa a tuwo, don murnar an ba ta. Sai dai ni da surukar tata akwai kunya, ban taɓa zama na yi doguwar magana da ita ba, ina kuma tsoron a ce na je koya wa Hajiya sanin dutse. In na yi shiru kuwa, sunan 'yata ne ke ɓaci. Don Allah ku ba ni shawara, in yafa mayafina in je, ko in aiki ƙanwata?