Ƙofar da Ta Juya wa Jama'a Baya

Ja'afaru direba ne a Doha, ɗakinmu ɗaya da shi a unguwar Najma, kuma ban taɓa ganin mai son jiki irinsa ba. Idan ana sayar da hutu, da albashinsa kaf can zai ƙare.

Maigidansa wani tsoho ne ɗan ƙasar Suwidin, mai zanen gine-gine, sunansa Torvald. Shekara arba'in ya yi yana zana makarantu da ɗakunan karatu da asibitoci a ƙasarsu. Al'adarsa ita ce, ba ya sa ƙofa a zane sai ya san ta inda masu tafiya a ƙasa suke ɓullowa. Da aka ba shi aikin wani ƙaramin asibiti a unguwar Mu'aither, zafin rana ya kwantar da shi, sai ya kira Ja'afaru.

"Ka zauna a filin nan kwana uku, ka gano mini ta ina mutane suke zuwa," in ji shi. "Idan ka yi shi da kyau, zan ɗauke ka daga tuƙi, ka zama mataimakina."

Wannan fa shi ne abin da Ja'afaru ya daɗe yana mafarki. Amma me ya yi? Ya kai motar inuwa a wata unguwa daban, Fereej Abdel Aziz, ya kunna sanyi, ya yi ta shan shayi.

Da ya dawo ɗaki ya faɗa mini, na ce, "Haba Ja'afaru, amana fa aka ba ka!"

Ya ce, "Malam, rabu da ni. Mutane ai ta titi suke zuwa, sai na gasa kaina? Khalas, magana ta ƙare!"

Haka ya faɗa wa tsohon, aka sa ƙofa tana kallon babban titi. Alhali tashar bas tana bayan filin.

Bayan an buɗe asibitin, wata ma'aikaciyar jinya, Felicia, ta tare tsohon. "Baba, wa ya sa ƙofar nan a can? Jiya wata mai ciki ta faɗi tana zagayen katanga."

Tsohon bai yi faɗa ba. Da azahar ya sa Ja'afaru ya kai shi tashar bas ɗin, ya ce su taka tare. Mutum mai shekara saba'in da huɗu, fuskarsa ta yi jawur, yana dafa katanga yana haki har suka iso ƙofa. Wallahi da Ja'afaru ya ba ni labari, kamar in mare shi.

Ba a kore shi ba. Mataimaki dai wani aka ɗauka. Har yau shi ke tuƙa tsohon, amma ko ƙarfe nawa tsohon bai sake tambayarsa ba.

Darasin da ke ciki shi ne, aikin da kake gani ƙarami wani ne zai ɗora gini a kansa. Idan an aike ka ka gano, ka je ka gano, idan kuma ba ka je ba ka faɗi gaskiya. Ƙaryar da ka yi a inuwa, bayin Allah ne za su sha ranarta.