Ruwan da Aka Ba Kaza

A wani gidan haya mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida, an yi wata mata da ake kira Mai Makulli. Ba muguwa ba ce, ba kuma marowaciya ba. Aibinta guda ne: ba ta yarda da kowa ba. Ɗakinta da kwaɗo, akwatin kwanukanta da kwaɗo, har akurkin kazarta guda ɗaya sai da ta yi masa nasa. Makullan suna rataye a ƙugunta, tun daga nesa ake jin tahowarta. In ka gaishe ta da fara'a, sai ta wuni tana tunanin abin da kake nema a wurinta. In ba ka gaishe ta ba, ta ce dama ta sani.

Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya da a gida. 'Yarsu ɗaya, 'yar shekara biyu, suna kiranta Lele. A ɗakin da ke kallon nasu akwai wata dattijuwa mai kitso, wadda ta raini 'ya'ya har da jikoki. Lele ta shaƙu da ita, kuma wannan shaƙuwar ta tsaya wa Mai Makulli a rai.

Wata rana da yamma ta fito daga wanka, sai ta tarar da Lele a cinyar Mai Kitso tana tsotsar ɓarin lemo. Ta sunkuci yarinyar, ta shige ɗaki, ta banko ƙofa.

Washegari da safe Lele ta tashi da amai, kafin a share wurin gudawa ta biyo baya. Mai Makulli tana wanke zani, zuciyarta tana kan lemon jiya. "Ruwa ba ya tsami banza," in ji ta a ranta. Ta ba yarinyar ruwa, ya dawo. Sai ta yanke shawarar cewa tunda duk abin da ya shiga fita yake, gara a bar cikin ya huta. Ta ɗauke kofin ta ɗora a kan durowa.

Mai Kitso ta ga zannuwa sun cika igiya, ta gane. Da hantsi ta yi sallama, riƙe da jug a rufe da ƙaramin cokali.

"Maman Lele, sannu da jiki. Ga ruwan gishiri da sukari na leda, irin na kantin magani, na haɗa da tafasasshen ruwa. Ki riƙa ba ta cokali-cokali. In ta yi amai ki ɗan dakata, sai ki ci gaba a hankali. Kada ki bar ta ba ruwa, 'yata."

"Na gode, Inna. Wa ya gaya miki ba ta da lafiya?"

"Igiyar shanya ce ta gaya mini," in ji tsohuwar tana dariya. "Ki lura da fitsarinta. In ya ɗauke, ko idonta ya faɗa, asibiti za mu."

Mai Makulli ta karɓa da murmushin yaƙe. Da tsohuwar ta juya, sai ta buɗe jug ɗin ta sansana. Ba wari, kuma wannan ma bai yi mata ba, don a ganinta abin da ba shi da wari shi ne abin tsoro. Yaushe aka haɗa? Me ya sa ba a kawo ledar ta haɗa da hannunta ba? Jiya lemo, yau magani. Wanda ya haddasa ciwo shi ne da saurin kawo magani?

Nan dabara ta zo mata. Ta buɗe akurki, ta tsiyaya ruwan a murfin gwangwani, ta ajiye wa kaza. In kazar ta kai la'asar da rai, za ta ba Lele. In ta mutu, yau gidan nan zai ji ta. Ta tura jug ɗin ƙarƙashin gado, ta jawo kujera bakin ƙofa, ta zauna gadin kaza.

Kaza ta sha, ta ɗaga kai, ta sake sha. Ta yi tono, ta yi birgima a ƙasa. Da ta kwanta a inuwa ta lumshe ido, sai Mai Makulli ta ce ga shi nan an fara. Sai kazar ta miƙe ta bi fara a guje.

Daga cikin ɗaki Lele tana kiran "ruwa, ruwa". Uwar takan leƙa, ta canza mata zani, ta ce, "Yi haƙuri, saura kaɗan." Da azahar kiran ya ragu. Daga baya ya ɗauke gaba ɗaya, uwar ta ce alhamdulillahi, barci ya zo.

Mai Kitso ta leƙo ta tambaya ko Lele tana sha. "Tana sha," in ji Mai Makulli, ba ta ko ɗauke ido daga kan kazar ba.

La'asar ta yi, kaza garau. Mai Makulli ta shiga ɗaki da ɗan jin kunya, ta jawo jug ɗin, ta ɗago Lele. Kan yarinyar ya langaɓe a hannunta. Idanun sun faɗa, leɓɓan sun bushe sun tsage. Ta kai cokali bakinta, ruwan ya gangaro ta gefe. Ihun da ta yi ya fito da kowa daga ɗakinsa.

Mai Kitso ce ta fara isowa. Ta dubi jug ɗin cike, ta dubi uwar. Ta goya yarinyar ta nufi titi, Mai Makulli tana bin ta babu takalmi, ƙofar ɗakinta a buɗe.

A asibiti nas ta ja fatar cikin Lele ta saki, fatar ta daɗe kafin ta koma. Ta ce tun jiya ake kawo yara daga unguwarsu, bututun ruwa ne ya fashe a cikin kwata. Tana laluben jijiya a hannun yarinyar ta tambaya, "Yaushe rabonta da fitsari?"

Mai Makulli ta san sau nawa kaza ta sha ruwa, ta san inda ta kwanta da abin da ta ci. Na 'yarta ne ba ta sani ba.

Jijiyar hannu ta ƙi samuwa, sai da aka aske gefen kan Lele aka sa ƙarin ruwa ta nan. Da ƙyar aka ceto ta. Mai Kitso ce ta riƙe kan yarinyar har aka gama, uwar tana tsugune a jikin bango tana kuka mai cin rai.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, yaro mai amai da gudawa rashin ruwa ne ke kayar da shi, kuma ba ya jira. A ci gaba da ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, kada a yanke masa nono ko abinci. In fitsari ya ɗauke, ido ya faɗa, ya kasa sha, ko aka ga jini a kashinsa, a garzaya asibiti. Taka-tsantsan abu ne mai kyau, amma in ya zama zargi, sai garin neman gira a rasa ido.