Ƙunshin Hantar da Ya Zo a Makare

An yi wani mutum a nan Gyaɗi-Gyaɗi. Ba zan kama sunansa ba, don yana raye, wataƙila ma ɗayanku ya gaisa da shi yau. Direban bas ne. Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula harka ta buɗe masa, kullum akwai taron siyasa da zai kwashi mutane. Ya murmure, har wuya ya ajiye.

Kowace la'asar sai ya tsaya wurin mai nama a Tarauni, a yanka masa hanta da zafinta, a barbaɗa yaji. A tsaye yake cinyewa, ya goge baki, sannan ya nufi gida. A gidan kuwa ya kafa doka a kan ɗansa Saifullahi, wanda aka yaye ba da jimawa ba: ba nama, ba ƙwai. Wai yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama, wanda ya saba da nama kuma makwaɗaici. Haka ya taso ya ji a ƙauyensu. Sai koko da safe, shayi da rana, koko da yamma. Ya 'yan uwa, a wane littafi aka rubuta wannan? Shekarata talatin gaban malamai, ban taɓa cin karo da shi ba.

Yaro ya daina wasa. Sai ya raɓe gindin bango yana ɓantarar ƙasa yana ci. Uwarsa Asabe ta yi ta doke hannun har ta gaji. Maƙwabciyarsu Basira, ma'aikaciyar jinya a asibitin koyarwa, ta ja fatar idonsa ƙasa, ta ga fari fat inda ya kamata a ga ja. Ta tare maigidan a ƙofa.

Ta ce, "Malam, jinin yaron nan ya yi ƙasa. Koko ba ya gina jini, shayin ma cutarsa yake. A ba shi hanta, ko wake da zogale, kuma a kawo shi a auna."

Ya ce, "Hajiya, allura kika iya. Tarbiyyar ɗana ki bar mini."

Ba rashi ya hana shi ba, girman kai ne. Ranar da Asabe ta dafa wa yaron ƙwai a ɓoye, ya ga ɓawon a shara, ya rantse in ta sake sai gidansu.

Damina ta sauka, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya bi yaran layin. Na wasu suka kwanta kwana uku suka miƙe. Saifullahi ba shi da jinin da zai jure. Aka kai shi asibiti yana numfashi sama-sama, aka ce sai an ƙara jini. Uban ya miƙa hannu, aka auna, jininsa a cike yake taf. Ina zai ƙi cika?

Kafin a gama shirya jinin ya kasa zama. Ya ruga Tarauni, ya sayo hanta, ya dawo da ƙunshinta da ɗumi. Ya tarar an rufe yaron da zanen uwarsa.

Ni na sallaci gawar. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Uban na tsaye a sahu, ƙunshin yana aljihunsa, maiƙo ya ɓata masa gaban riga. Asabe ta tafi gidansu da kanta, ba ta dawo ba. Shi kuma ya ajiye tuƙi, don hanyar bas ɗinsa ta gaban mai naman take bi. Yanzu ko ƙanshin tsire ya ji sai ya tashi daga wurin.

Wallahi na gaji, 'yan uwa. Na gaji da sallar ƙananan gawawwaki, iyaye na cewa kwana ne ya ƙare. Kwana na Allah ne, amma ciyarwa a wuyanka take, kuma za a tambaye ka. In ka koma gida yau, ja fatar idon ɗanka ka duba. In mai sani ta faɗa maka gaskiya, karɓa, ko da mace ce, ko da 'yar cikinka ce. Abin da ka ci a waje, kai shi gida tun akwai bakin da zai ci.

Allah ya kiyaye mu daga cin haƙƙin waɗanda ba su iya roƙo ba. Amin.