Akushin da Sarki Tankari Ya Kasa Cinyewa

Cikin Sarki Tankari na Birnin Ƙirya ya fara cin kansa. Basamuden nan mai faɗin ƙirji, wanda in ya yi tari kasuwa ke yin tsit, ya koma ƙashi da fata, loma kaɗan sai amai, aman kuwa baƙi ƙirin. Ƙanensa Mantau ya hau taguwa, ya ratsa dajin da itatuwansa ke tafiya, ya haye kogin da ke gudu sama, har fadar Kandala, sarauniyar aljanun murhu, mai zama bisa tukunyar jan ƙarfe.

Ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranki ya daɗe, wa ya yi wa yayana sammu? Nuna mini shi in sare kansa."

Kandala ta yi dariya har murafan tukwane suka yi rawa. "Ku mutane, kullum sai maƙiyi. Leƙa nan."

A cikin ƙwaryar ruwa Mantau ya ga tumbin yayansa kamar gari, bangonsa maƙil da 'yan mitsi-mitsin halittu, kowace a ɗakinta tana tatso ruwan da ke narkar da abinci, in ta tsufa ta mutu wata ta gaje ta.

"Ka ga dunƙulen can?" in ji Kandala. "Ɗayarsu ce ta ƙi mutuwa, ta yi ta haihuwa, 'ya'yan ma suka ƙi. Har yanzu ruwan narkarwa suke zubarwa, sana'ar gidansu. Da haka na san ba baƙi ba ne. Shi kuke kira ciwon daji. Sai an yanke rabin tumbin."

Mantau ya ga sarautar yayansa ce za ta tafi, domin a Ƙirya, ran bikin girbi, sarki ke cinye akushin tuwon sabon gero shi kaɗai kafin kowa ya taɓa amfanin gonarsa. Wanda ya kasa, ya sauka.

Da ya kawo labari gida, Tankari ya ce, "Kai, Mantau, gawa na cin tuwo ne? Ta zo da wuƙarta."

Kandala ta zo cikin hayaƙi, ta yanke, ta ɗinke, Sarki ya warke sumul.

Ran biki ya ci abin da ɗan guntun cikinsa zai ɗauka, ya tura wa Mantau akushin, ya kwance rawani ya ɗora masa. Mata suka fashe da kuka.

"Kukan me?" in ji Tankari. "Na ci, ya zauna a cikina. Alhamdulillahi."

Ya sauko daga karaga da ƙafarsa, ya zauna a ƙasa cikin manoma, yana lasar yatsu.