Matar da Aka Ce Tana Kashe Mijinta da Yunwa

An yi wata baiwar Allah a wani gari, sunanta Lantana, matar wani mai awon hatsi da ake kira Tanimu. Ku saurara da kyau, musamman ku da bakinku ba ya hutawa a kan gidajen mutane.

Tanimun nan ƙato ne mai teɓa, in ya zauna a benci sai ka tausaya wa bencin. Ciwon gwiwa ya ci ƙarfinsa, har salla a zaune yake yi. Likita ya duba, ya ce gwiwar ta cinye, sai an sa ta ƙarfe. Amma ya ce, "Da wannan nauyin, in na yi maka aiki ciwon zai yi wuyar warkewa, sabuwar gwiwar ma ba lallai ta daɗe ba. Je ka rage jiki tukuna."

A hanyar gida Tanimu ya ce wa matarsa, "Kada kowa ya ji za a yi mini aiki. In Inna ta ji, jininta zai hau."

Ta ce, "To, Malam."

Ta rage masa tuwo, ta janye man shanu, ta hana fura da sukari. Sai zogale, wake, ɗan kifi. Tanimu ya fara ramewa, riguna suka yi masa yawa. Kun dai san halinmu: ƙibar miji ita ce shaidar mace ta iya riƙo. Nan da nan gari ya ɗauka. Gidan suna, gidan biki, zancen ke nan, wai Lantana tana kashe mijinta da yunwa. Tana ji. Tana ji, jama'a, magana ɗaya za ta wanke ta, amma ta riƙe amana.

Ran nan Delu, yayar Tanimu, ta faɗo gidan da mata biyu, ko sallama babu. Ta ce, "Ke, ina kike ɓoye naman da kike ci ke kaɗai?"

Lantana ta durƙusa ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri."

Delu ta wuce madafi, ta bi tukwane tana buɗewa. Zogale. Wake. Ba mai, ba nama. Ta fizgo hannun Lantana wai ta nuna mata maɓoyar, mayafi ya zame. Sai ga ƙasusuwan wuya a waje, awarwaro ya gangara har gwiwar hannu. Delu ta sake ta, ta tsaya baki buɗe.

Ashe tun ranar da likita ya yi magana, abin da mijin ya ci shi take ci, ita da ma siririya ce, don kada ya ji ƙamshin miya a gidansa ransa ya biya. Tanimu kansa bai sani ba, tunda shi a zaure yake cin nasa; ya ɗauka wahalar jinya ce ta ramar da ita. Ya dogaro sanda ya shigo, ya ga tukwanen, ya faɗa wa yayarsa gaskiya yana hawaye. Delu ta zauna a ƙasa, ta kasa haɗa ido da kowa.

Aka yi aiki, ciwo ya warke, Tanimu ya taka zuwa masallaci da ƙafarsa.

To, ku ji ni. Ƙiba ba lafiya ba ce, kuma cusa wa mara lafiya abin da likita ya hana ba ƙauna ba ce. Sannan wanda ya yi shiru kuna zaginsa, mai yiwuwa amanar wani yake riƙe. Ku da kuka ci naman wata a gidan biki satin nan, ku je ku nemi gafararta tun kuna da rai.