Lasisin Likita Barau

Ranar Talata ce, ana yayyafi. Takarda ta iso wa Likita Barau daga hukumar likitoci. Shi kaɗai ne mai fiɗa a asibitin Gangaren Kuka, daga shi sai ka yi tafiyar awa huɗu a mota. Dokar ƙasar kuwa ita ce duk shekara biyar likita ya tsaya gaban manyansa a duba ko hannunsa da iliminsa na nan. Abu uku aka ce ya kawo cikin wata uku: lissafin duk aikin da ya yi, shaidar ya koyi sabon ilimi, sannan kuskure guda da ya taɓa yi, tare da wanda zai tabbatar. Ɗaya ya faɗi, lasisi ya faɗi, ɗakin fiɗa ya rufe.

Ya je ɗakin ajiyar takardu, ya tarar gara ta riga shi. Ya ɗaga fayil, fayil ya zube kamar gari. Ya zauna kan benci.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya, Rifkatu, shekara goma sha tara tana miƙa masa almakashi. Da ta ji, sai ta tafi gida ta dawo da buhun shinkafa a ka. Ta zazzage shi gabansa. Littattafan 'yan makaranta ne, arba'in da ɗaya. Duk wanda aka yi wa aiki tun ranar da ta fara, sunansa na ciki, da ƙauyensa, da ciwonsa, da yadda ya ƙare. Ba wanda ya sa ta. Tana rubutawa ne don in ta ga danginsu ranar kasuwa ta tambayi jiki da suna.

Barau ya buɗe ɗaya. Ya ce, "Rifkatu, ashe haka kike?"

Ta ce, "Likita, kai da ko hularka ba ka san inda ka ajiye ba, wa zai bar maka mutane?"

A abu na biyu, wanda ya taimaka Nafi'u ne, wanda Barau ya koya wa ɗinkin ciwo tun yana ɗalibi, yanzu babban likita ne a birni. Duk Asabar sai ya taho, Asabar goma sha biyu, ko da ruwa ya cinye hanya. Ya zaunar da malaminsa gaban kwamfuta, ya bi da shi darasi bayan darasi har ya samu takardun shaida. Amma ba wannan ne mai wuya ba. Wata rana ya tsaya yana kallon Barau na aiki, da aka gama sai ya cire takalmi ya durƙusa.

Ya ce, "Malam, a gafarce ni. Yadda kake rufe ciwon nan an daina shi. Yana sa ruwa."

Barau ya ce, "Ni na koya maka shi."

"Kai ka koya mini, Malam. Kai kuma ka ce in na ga ba daidai ba in faɗa, ko ubana ne."

Kwana biyu Barau bai amsa gaisuwarsa a waya ba. A na uku ya aika masa cewa ya zo da zare, ya nuna masa sabuwar hanyar.

Saura kuskure. Nan ne aka tsaya cik. Mutanen Gangaren Kuka ba sa cewa likita ya yi kuskure. Wanda ya warke, Allah ya sa hannun likita. Wanda ya rasu, kwana ya ƙare. Duk wanda aka tambaya sai yabo. Barau kuwa ya san nasa. Shekara huɗu baya aka kawo Hajo, matar wani masunci Ɗanlami, da ciwon ciki. Barau ya ɗauka na abinci ne, ya ce a bari zuwa gobe. Kafin gobe hanji ya fashe. Ranar sadakar bakwai ya je da ƙafarsa ya faɗa wa mijin gaskiya. Ɗanlami ya ce ya yafe, kada a sake tayar da maganar. Da wane ido zai koma masa yanzu? Bai koma ba. Ya rubuta abin a takarda, gurbin mai shaida ya bar shi fari.

Ran da aka zauna a birni, manya biyar suka duba littattafan Rifkatu, suka jinjina kai. Suka duba takardun karatu, suka gamsu. Shugabar zaman ta ce, "Likita, ina mai shaidarka?" Barau ya buɗe baki zai ce babu, sai aka ji sallama a ƙofa. Ɗanlami ne, da laka har gwiwa. A bakin kogi ya ji labari. 'Yan'uwan Hajo sun ce in ya je, kamar ya tone kabarinta ne, ya ce ya ji.

Ya tsaya ya ce, "Ranku ya daɗe, mutumin nan ya yi jinkiri, matata ta rasu. Ba wanda ya sani sai shi, kuma shi ya zo ya gaya mini. Tun daga ranar ba mai ciwon ciki da ya ƙara kwana a asibitin nan ba a duba shi sau uku ba. Bara an kai 'yata da irin ciwon. Tana gida tana daka. Abin da na zo faɗa ke nan."

 Shugabar ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi. Aka sa wa lasisin hannu.

Washegari Barau ya sa babbar riga, ya sayi ƙwaryar goro guda don godiya. Yana bakin ƙofar asibiti yana tunanin gidan da zai fara nufa, sai ga amalanke da mace mai naƙuda ta kwana biyu. Ya ajiye goron kan taga, ya tuɓe rigar, ya shiga wanke hannu.

To, ga goro nan kan taga. Mai littattafai, da mai gyara wa malaminsa, da mijin Hajo: wa za ku fara kai wa?